Tsawon Hannu da Taƙi Ɗaya

Kawuna, yayan mahaifiyata, mai walda ne a Birnin Kudu. Tun ina firamare shagonsa yake nan a bakin titin da ya nufi Gwaram, yana ƙera amalanke da garmar shanu da ƙofofin ƙarfe. Da na gama karatun injiniya na dawo gida, na shekara biyu ina yawon neman aikin ofis ban samu ba, sai ya ce in zo in zauna a wurinsa. Ya ware mini wani ɗan ɗaki a bayan shagon, aka sa tebur da benci, na ɗora kwamfutata. Aikina zane ne. Shi zai faɗi abin da yake so, ni in zana, in tura wa masu injin yankan ƙarfe a Kano, su yanko fallayen daidai da zanen su ɗoro mana a mota. Masu walda biyu da ke ƙarƙashinsa, dukansu magidanta, su suke harhaɗawa. Tun daga nan sunan Injiniya ya bi ni. Kawu ma da shi yake kirana, wata rana da gaske, wata rana da zolaya.

Zanen kwamfuta ba kamar na takarda ba ne. A takarda, layin da ka ja ya zauna ke nan. A manhajar da nake aiki da ita kuwa, layi a sake yake, kana iya kama shi ka ja duk inda ka ga dama, har sai ka kafa masa sharaɗi. Za ka ce wa layi biyu su jera, kada su haɗu komai nisan tafiya. Za ka ce wannan ya tsaya cak a kan wancan kamar bango a kan daɓe. Za ka ce kan wannan layi ya manne da kan wancan, ko da'ira biyu su haɗa cibiya ɗaya, ko wannan layi da wancan tsawonsu ya zama ɗaya. In ka kafa sharaɗi, ko ka je ka canza wani awo a can gefe, zanen zai motsa ya gyara kansa, amma ba zai karya abin da ka kafa ba. Layin da bai gama ɗauruwa ba shuɗi yake fitowa. In ya ɗauru ta ko'ina sai ya koma baƙi. In kuma ka kafa sharuɗɗan da ba za su yiwu tare ba, zanen ya yi ja, ya ƙi motsi har sai ka cire ɗaya.

Ranar da na fara nuna wa Kawu wannan, ya zauna a gefena ya zuba ido. Na kama kusurwar wata ƙofa da na zana na ja, ƙofar ta karkace kamar tsohuwar rumfa. Na kafa mata sharuɗɗa huɗu na sake ja, ta ƙi karkacewa, sai dai ta ƙara faɗi ko ta rage. Ya yi dariya ya ce, "Ashe dabaibayi kake yi musu." Daga ranar, in aiki ya lafa da rana, yakan shigo ya zauna ya ce in ja wannan, in saki wancan. Bai yi boko ba, amma sau da yawa yakan riga ni ganin inda zane zai nufa tun ban taɓa shi ba.

A shekarata ta biyu a shagon ya ce mu gwada ƙera injin sussukar gero da dawa. Ya daɗe yana gyara na wasu, ya san ciwon kowanne. Injin dai ganga ce mai haƙoran ƙarfe da ke juyawa da gudu a cikin gidanta. A ƙarƙashinta akwai rariya da fanka mai kore ƙaiƙayi. A sama kuma akwai mazurari, wato kwararon da ake tura zangarniya ta gangara ta iske haƙoran. Mun yi mako uku a kan zanen.

Da muka zo kan mazurari, Kawu ya miƙe tsaye ya miƙa hannunsa, ya ce in auna daga hammatarsa zuwa kan dogon yatsansa. Dogon mutum ne. Na auna. Ya ce in ƙara taƙi ɗaya.

"Wannan shi ne tsawon mazurari," in ji shi. "Kome za ka taɓa a injin nan ka taɓa, ban da wannan. Inji zai shaƙe, ba makawa. In ya shaƙe kuma mutum hannu zai zura, ko ka hana shi sau ɗari. To ya zura ɗin, amma kada ya kai."

Na ja wani layi mai ɗigo-ɗigo a gefen zanen, irin wanda ba a yankawa, na ba shi wannan tsawon. Sannan na kafa sharaɗi cewa shimfiɗar mazurari da wannan layi tsawonsu ɗaya. Manhajar da kanta take ba kowane sharaɗi lamba. Ana iya sa masa suna, amma ban sa ba. Ya shige cikin jerin sharuɗɗa masu yawa, duk kamarsu ɗaya.

Injin farko ya fito da kyau. Wani manomi a nan Birnin Kudu ya ɗauka, ya yi kaka guda da shi ba a dawo mana da ƙorafi ba. Aka fara zuwa kallo daga ƙauyuka.

Da damina ta gaba ta kusa ƙarewa, yanar da ta daɗe tana rufe wa Kawu ido ta kai ga sai an yi aiki. Aka yi masa a Kano, likita ya ce ya yi nesa da hasken walda har wata biyu. Ya koma gida ya zauna, ya bar mini shago. A cikin wannan zaman ne wani Alhaji daga Dingaya, shugaban wata ƙungiyar manoma, ya zo ya ce suna son inji irin na farko. Abu ɗaya ne bai yi masa ba. Ya ce bakin mazurarin ya yi sama da yawa, masu zuba zangarniya sai sun ɗaga hannu sama da kafaɗa, kafin azahar sun gaji. Yana so bakin ya sauko daidai ƙirji.

Gidan Kawu bai fi tafiyar minti goma daga shago ba. Ban je na tambaye shi ba. Na gaya wa kaina ba na son in dame shi da ciwo, amma gaskiyar ita ce ina so ya dawo ya iske na iya ba tare da shi ba.

Na buɗe zanen, Alhaji yana zaune a benci a bayana yana jan carbi. Na sa sabon awo, daga ƙasa zuwa bakin mazurari, daidai ƙirjin matsakaicin mutum. Ina dannawa zanen ya yi ja. Dalilin a fili yake ga wanda ya tsaya ya duba. Gindin mazurari yana manne da gidan ganga, ganga kuma ba za ta sauka ba saboda rariya da fanka suna ƙarƙashinta. Gangaren mazurari a kafe yake, don zangarniya ta riƙa zamewa da kanta. Tsawonsa ma a kafe yake. In waɗannan uku suka tsaya, bakin ba shi da wurin zuwa sai inda yake. Ni kuma na zo da na huɗu na ce ya sauko.

Manhajar ta fito mini da ɗan jerin sharuɗɗan da suka ci karo, don in zaɓi wanda zan cire. Na fara da na gangaren. Jan ya tafi, amma mazurarin ya kwanta kusan a shimfiɗe, zangarniya ba za ta taɓa gangarawa a kansa ba. Na mayar. Sharaɗin da ke ƙasa da shi a jerin lamba ce kawai da alamar daidai, gajerun layi biyu ɗaya a kan ɗaya. Da na danna shi sau ɗaya, da ya nuna mini layukan da ya ɗaure. Ban danna ba. Na cire shi. Bakin mazurari ya zamo ƙasa ya tsaya inda Alhaji yake so, gangaren bai canza ba, zanen duka ya koma baƙi.

Alhaji ya leƙo ta kafaɗata ya ce, "Madalla, Injiniya. Haka nake nufi."

Zan iya cewa babu wuta ran nan kuma batirin kwamfutar ya kusa ƙarewa, gaskiya ne. Zan iya cewa Alhaji yana sauri, shi ma gaskiya ne. Amma na ga mazurarin ya gajarce. Idona ya gani, har na ce a raina ai ya fi kyan gani a haka. A makaranta an koya mana cewa zanen da ya yi baƙi ya kammala, ni kuma na tsaya a nan. Layin nan mai ɗigo-ɗigo yana gefe inda na bar shi, babu abin da ke ɗaure da shi kuma, ban waiwaye shi ba.

Na tura zanen Kano. Kafin fallayen su iso, wani mutum daga Kangire da wani daga Kwandiko suka ji labari suka ce su ma suna so, sai na sa aka yanko na inji uku. Masu waldarmu ba su da dalilin auna komai, tun da ƙarfe ya zo a yanke kuma kowane falle ya zauna a gurbinsa. Aka haɗa, aka yi fenti, kowa ya zo ya ɗauki nasa. Na je na gaya wa Kawu cewa inji uku sun fita. Ya sa mini albarka.

Mako na uku da fara sussukar gero, da hantsi, Alhaji ya kira ni a waya. Ya ce inji ya kama hannun wani a Dingaya, suna hanya za su kawo shi asibiti a Birnin Kudu. Na hau babur na riga su isa.

Mutumin zai kai shekara hamsin, siriri, asalinsu Fulani ne amma Hausa suke yi, yana noma yana kiwo. An naɗe hannunsa na dama da zane, zanen ya jiƙe har yana ɗiga. Bai yi kuka ba, salati kawai yake yi a hankali. Yayansa yana riƙe da shi. Aka shiga da shi, mu muka tsaya a baranda. Bayan la'asar aka fito aka ce yatsu uku sun tafi, saura babban yatsa da ɗan ali.

Alhaji ya ba ni labari. Geron bai gama bushewa ba, injin ya shaƙe, mutumin ya zura hannu ya tura.

"Sau nawa na ce a kashe inji kafin a taɓa," in ji Alhaji. "Amma abin da Allah ya rubuta ba ya kankaruwa. Kai dai kada ka sa damuwa, Injiniya, injinku ba shi da laifi."

Na ce, "Hannun ya kai har ga ganga?"

"Ai ga shi ka gani."

Mutumin ba dogo ba ne. Kafaɗarsa da kaɗan ta wuce tawa, ni kuwa Kawu ya fi ni tsawo nesa ba kusa ba. Tun a barandar nan na fara zargin tsawon mazurarin. Na yi musu sallama na koma shago, na rufe ƙofar ɗakina na buɗe zanen. Na auna layi mai ɗigo-ɗigo, na auna shimfiɗar mazurari. Bambancin ya fi taƙi ɗaya da rabi. Na duba jerin sharuɗɗan, na ga lambar da babu. Na fita bayan shago inda muke tara guntayen ƙarfe, na daɗe a tsaye a wurin, har ɗaya daga cikin masu waldar ya leƙo ya tambaye ni ko lafiya. Na ce masa kaina ke ciwo.

Abin da na yi bayan wannan shi ya fi yi mini nauyin faɗa. Na yi kwana biyu ban gaya wa kowa ba. Injin Dingaya an ajiye shi, mutane sun ƙi matsawa kusa da shi. Amma na Kangire da na Kwandiko suna can suna aiki daga safe zuwa yamma, kuma na sani. Na kira masu su a waya na ce su ja wa ma'aikatansu kunne, kada kowa ya zura hannu inji yana gudu. Suka ce to, sun ji abin da ya faru, Allah ya kiyaye gaba. Ban faɗa musu dalili ba. Na gyara zanen, na mayar da sharaɗin, kamar hakan zai ƙara wa ƙarfen da ke can gona tsawo. Na yi ta lissafa wa kaina cewa babu wanda zai taɓa ganewa, tun da ba wanda ya iya buɗe zanen sai ni, kuma kowa ya riga ya ce ƙaddara ce.

A rana ta uku, bayan sallar la'asar, na je gidan Kawu. Na same shi a zaure a kan tabarma, sanye da baƙin tabarau da aka ba shi a asibiti. Ya riga ya ji labarin Dingaya. Muka gaisa, na zauna a ƙasa na faɗa masa komai, tun daga zuwan Alhaji har zuwa awon da na yi.

Bai katse ni ba. Da na gama ya ce, "Yaushe ka gane?"

"Shekaranjiya, Kawu."

"Shekaranjiya." Tabarau ya hana ni ganin idonsa. "Sauran biyun suna ina?"

"Suna aiki."

"Yatsun mutumin Dingaya kuskure ne, kuma duk mai sana'a yana da nasa. Ni ma akwai abin da ban taɓa faɗa maka ba. Amma kwana biyun nan ba kuskure ba ne." Ya lalubo sandarsa. "Je ka ce wa masu walda su yanko falle biyu da hannu, yanzu, kada a jira Kano. A ɗora janareto da injin walda a mota. Da asuba za mu fita."

Na ce likita ya hana shi kusantar walda. Ya ce likita bai hana shi shiga mota ba.

Kangire muka fara zuwa. Mai injin dattijo ne mai sauƙin kai. Da Kawu ya ce a kashe, aka kashe. Kafin hantsi ya yi zafi an ƙara wa mazurari tsawo mun wuce.

A Kwandiko aka sha daga. Mun iso ana tsakiyar aiki, dammunan gero jibge a fili, manoma kusan goma suna jiran layi, wasu tun jiya. Mai injin, wani kakkauran mutum mai yawan magana, ya ce ba zai tsayar da aiki ba. Ya ce injinsa lafiya ƙalau yake, mu dawo bayan kaka. Kawu bai yi musu da shi ba. Ya taka a hankali da sandarsa har wurin injin, ya ce wa mai kula da shi ya kashe. Ganin furfura ya sa mutumin ya kashe. Ganga tana tsayawa Kawu ya sunkuya ya zare bel ɗin da ke juya ta, ya rataya a wuyansa, ya je gindin wata tsamiya ya zauna.

"Baba, wannan ai ƙarfi ne," in ji mai injin.

"Ƙarfi ne," Kawu ya ce. "Injiniya, faɗa musu."

Ban yi tsammanin haka ba. Na tsaya a gaban mutanen nan, duk sun girme ni, na ce mazurarin injin ya gaza tsawon da ya kamata, hannun mutum yana kaiwa ga haƙora, kuma ni na rage shi a zane ban lura da abin da na cire ba. Na ce abin da ya ci yatsun mutumin Dingaya ke nan. Mai zuba zangarniya, wanda tun safe yake tsaye a bakin injin, ya dubi hannunsa ya mayar da shi cikin aljihu. Wani tsoho ya ce, "To a gyara mana." Mai injin ya daina kallona.

Aka tayar da janareto. Kawu ya juya wa waldar baya, ya rufe kansa da mayafi har aka gama. Sannan ya tashi ya zo ya zura hannunsa cikin mazurarin har hammata, ya motsa yatsu. Ya sa aka kira wanda ya fi kowa tsawo a wurin, shi ma ya zura. Bai kai ba. Sai a lokacin ya cire bel daga wuyansa.

Bakin mazurari ya koma sama kamar na injin farko. Wani ya ce yanzu kuma za a koma ɗaga hannu. Kawu ya ce a kawo bulo huɗu da katako ɗaya. Aka kawo, aka shimfiɗa a gaban injin, mai zubawa ya hau, bakin ya zo masa daidai ƙirji. Na tsaya ina kallon katakon nan.

Na so in je asibiti washegari in faɗa wa mutumin Dingaya. Kawu ya ce a'a, ba a gadon asibiti ba, in bari ya koma ɗakinsa inda zai iya korata in ya ga dama. Bayan kwana goma sha biyu aka sallame shi. Muka je, muka fara gyara injin ƙungiyar, sannan Alhaji ya raka mu gidan. Alhaji ya riga ya ji abin da na faɗa a Kwandiko, gaisuwarsa ta yi sanyi.

Gidan yana bakin gari, shanu shida ɗaure a gefe. Aka shimfiɗa mana tabarma a inuwa. Mutumin ya fito da hannunsa a naɗe, rataye a wuya. Yayansa ya zauna kusa da shi. Bayan gaisuwa da jaje na faɗi abin da ya kawo ni. Na yi ƙoƙarin kada in ɓuya a bayan maganar kwamfuta. Na ce akwai awon da Kawu ya kafa don hannu kada ya kai, ni na cire shi.

Yayan ne ya fara magana. Bai ɗaga murya ba. Ya ce ƙanensa da wannan hannun yake tatsar shanu, da shi yake tufkar igiya, da shi yake riƙe fartanya. Ya ce yanzu ko tuwo sai an koya masa ci. Ya ce maganar nan gaban mai gari ya kamata ta je. Kawu ya ce duk inda suka ce mu je za mu je, kuma duk abin da aka yanke mun karɓa.

Mutumin ya ce wa yayansa ya bari. Ya dube ni, karo na farko tun da muka zauna.

"Malam, na ji an ce ka yi magana a Kwandiko, ban yarda ba sai yanzu. Ni da na riga na ajiye abin nan. Na ce ni na zura hannuna, Allah ya ƙaddara, shi ke nan. Ina samun barci a haka. Yanzu ka zo ka ce akwai hannun mutum a ciki." Ya gyara zaman hannun a ƙirjinsa. "Ban ce ka yi laifi da ka zo ba. Amma ka ƙara mini kaya."

Na ce ina roƙon ya yafe mini.

"Ban ce na yafe ba, ban ce ban yafe ba. Ka bar ni in saba da hannun tukuna."

Aka kawo mana fura da nono. Na sha don kada in ƙi, amma ban ji ɗanɗanonta ba. Maganar ba ta je gaban mai gari ba.

Labari ya bazu. A kasuwannin wajen Gwaram aka riƙa kiran injinmu mai cin yatsa, har wanda aka gyara. Shekarar da ta biyo baya ba wanda ya zo neman injin sussuka, muka koma kan amalanke da ƙofofi. Kawu ya warke ya dawo shago. Bai sake tayar mini da maganar ba ko sau ɗaya. Sai dai duk fallen da ya zo daga Kano, da kansa yake ɗaukar awo ya bi shi gefe-gefe kafin a kunna walda, a gabana, har yau. Kuma ya daina shigowa ɗakina da rana.

Gab da faɗuwar damina na je kasuwa a Gwaram sayen boris na ƙafar amalanke, sai na ji an ce, "Injiniya." Na juya na ga mutumin Dingaya. Naɗin ya fita, hannun ya warke ya yi sumul a inda yatsun suke da. Na miƙa hannu kafin in yi tunani, ya ba ni tsintsiyar hannunsa na riƙe. Muka gaisa, na tambayi iyali da shanu. Ya ce tatsa ya bar wa matarsa, igiya kuma saya yake yi yanzu. Abin da ya dame shi noma ne. Ya gwada da hagu, bayansa ya ƙi. Da dama kuma fartanya suɓucewa take yi.

"Tun da kai mai zane ne," in ji shi, "ko za ka duba mini wani abu da zai riƙe ƙotar a hannuna."

Na ce zan gwada. Na auna hannunsa a nan tsaye a kasuwa, da zare, don ban zo da awo ba. Ya bar mini hannun na juya shi yadda nake so, yana kallon wani wuri.

Na farkon da na yi zobe ne na ƙarfe da madauri na fata. Bayan mako guda ya zo da shi shago da kansa, ya ce yana cin fatarsa, ya nuna mini inda ya sale. Na biyun na yi shi da faɗi, na sa masa roba a ciki. Ya dawo da shi ya ce yana riƙewa, amma in gumi ya zo juyawa yake yi. A kan na ukun na ɗauki ƙotar fartanya na je na sami Kawu a bakin aiki na tambaye shi. Ya juya ta a hannunsa, ya lanƙwashe yatsunsa uku ya gwada kamu da biyu, ya ce in bar ƙarfe, in sa baduku ya ɗinka safar fata mai kauri wadda za ta kai har tsintsiyar hannu, a huda ƙotar a zura madaurin ta ciki. Haka aka yi. Na kai masa Dingaya ban same shi ba, ya tafi kiwo, na bar wa yayansa. Yayan ya karɓa ya ce zai ba shi.

Na ukun bai dawo da shi ba. Ban sani ba ko ya yi masa ne, ko kuwa gajiya ya yi da zuwa Birnin Kudu. Ina da lambar Alhaji, zan iya kira in tambaya, ban kira ba. A tsakiyar daminar nan aiki ya kai ni wajensu, na biyo ta gefen gonarsa a kan babur. Gero ya kai gwiwa. Na hango shi can tsakiya a sunkuye yana noma, amma da nisa, ban iya gane da wane hannu yake yi ba. Na tsaya na kashe babur na yi masa barka da aiki. Ya miƙe ya dubo, ya amsa, ya tambayi Kawu. Na ce yana lafiya. Ya ce a gaishe shi, ya sunkuya ya ci gaba da aikinsa.